Ranar da Na Goya Baba

Tun da muka dawo daga kudu ban huta da tambaya ba. A shagon ɗinkin da nake aiki a unguwar Safa a nan Jidda, duk wadda ta kawo gyaran abaya sai ta tsaya a kaina, "Maimuna, wai da gaske a daji kuka kwana?" A unguwarmu Nuzla kuwa maƙwabta sun riga sun tsara nasu labarin, wata ma cewa ta yi kura ce ta koro mu. To, ga shi zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe. Wadda ta sake tambayata in tura mata wannan ta karanta, ni kuma in ci gaba da taka kekena.

Sai na fara da Baba, don saboda shi aka yi tafiyar. Mutumin Mai Wurno ne a Sudan, a bakin Nilu aka haife shi, su da fito yake yi da kwalekwale kafin ya zo aikin Hajji ya zauna. Shekara arba'in da ɗoriya yana gadin wani sito a Madinar Masana'antu. Ni da yayana Idrisa duk a nan Jidda aka haife mu, Hausarmu ma dariya take ba shi. Innarmu ta daɗe da rasuwa. Shekara biyu da suka wuce hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ya koma kan keke ana tura shi. Komawa gida kuwa, da yaƙin da ake yi can, ko zancen mun daina yi.

Amma harshensa bai shanye ba. Daga kan keken nan yake juya gidan yadda ya saba. Shi ke cewa gishiri ya yi yawa, shi ke cewa a kashe fanka, a kunna fanka, shi ke sanin ƙarfe nawa Yaya Idrisa ya shigo. Ni kuma, mace mai shekara talatin da takwas, aurena ya mutu na dawo gida, ban taɓa musa masa magana ba ko sau ɗaya.

In muka kai shi bakin teku shan iska sai ya kawar da kai. Ya ce wannan ba ruwa ba ne, gishiri ne aka jiƙa. Wata rana ina zuba masa ruwan alwala da buta, sai na ji ya ce a hankali, "Ko zan sake tsoma ƙafa a ruwa mai tafiya?" Ba da ni yake ba, da kansa yake. Amma na ji, kuma abin ya zauna mini a rai ya ƙi tashi.

Wata mai kawo mini ɗinki, 'yar kudu, ita ta ba ni labarin wani wadi a yankinsu. Wadi kwari ne tsakanin duwatsu. Yawancinsu a bushe suke, amma wannan ruwa na gudu a cikinsa rani da damina, har an mai da bakinsa wurin shaƙatawa, da filin kafa tanti da banɗaki da mai gadi. A daren na faɗa wa Yaya Idrisa.

"Ke majnuna ce?" ya ce. "Mutum a kan keke, da maganin safe da na dare, ki kai shi cikin duwatsu? Halas, a bar maganar."

"Ban zo neman izini ba, Yaya. Zuwa na yi in ji ko za ka zo, ko in tuƙa ni kaɗai."

Ya dube ni ya ga ba wasa. Sati uku na yi ina shiri. Na tambayi likitan Baba, ya ce in dai ba za a bar shi a rana ba, ba laifi. Na ari tanti wurin wata abokiyar aikina, na hau saman bene da shi ina koyon kafawa, iska ta kwashe shi sau biyu, yaran unguwa suka sha kallo kyauta. Na rubuta wa maƙwabciyarmu sunan wurin da ranar da za mu dawo, na ce in ta ji shiru ta tada mutane. Yaya Idrisa ya roƙi kafilinsa, wato ubangidan da takardar zamansa ke hannunsa, hutun kwana uku, yana ta ƙunƙuni, amma shi ya sayo sabbin tayoyi ba tare da na ce ba.

Ana idar da sallar asuba muka ɗau hanyar kudu. Hanyar ba abin kallo, yashi a hagu, yashi a dama, teku na leƙowa jefi-jefi. A garin Lis muka karya da ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis mai zafi. Gaba kaɗan muka tarar da shingen bincike. Mu da aka haifa a ƙasar nan amma takarda ta ce baƙi ne, mun san yadda gaba ke faɗuwa in an hango shinge, ko da takardunka sun cika. Ni da Yaya muka miƙa iƙamarmu, wato katin izinin zama, nan take. Ta Baba ce ta zama aiki. Shi ke ajiye abarsa, bai yarda da kowa ba. Ya sa ta a leda, ya naɗe ledar a hankici, ya cusa a aljihun 'yar ciki, ya kuma maƙale aljihun da fil. Da hannu ɗaya zai warware duk wannan. Na kai hannu in taimaka, ya buge shi. Motoci suka yi layi a bayanmu ana ta danna oda, Yaya Idrisa ya jiƙe da gumi.

Jami'in, wani matashi, ya sunkuyo ta taga ya ce, "Ala mahlak, ya ammi," wato kawu, bi a hankali. Da Baba ya gama ya miƙa, sai ya tambayi inda muka nufa.

"Kogi," in ji Baba, da ƙarfi.

Matashin ya yi dariya, ya maido mana takardunmu. Har mun fara tafiya ya buga rufin motar ya ce, "Ku yi hankali da sail." Sail ita ce ambaliyar da ke gangarowa daga duwatsu. Na san kalmar, kowa a Jidda ya san ta. Amma na ɗaga kai na ga sama fes, sai na bar maganar a nan.

Bayan garin Ƙunfuza muka bar teku muka yi gabas. A wani ƙaramin gari a gindin duwatsu muka tsaya cin abinci, ranar kuma kasuwarsu ke ci. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Maza manya da gemu, kowanne ya ɗaura kambun furanni da ganyen ɗaɗɗoya a ka, ƙamshi na tashi. Yaya Idrisa ya fara ƙyalƙyala dariya, ya ce a Nuzla wanda ya fito haka sai ya canza unguwa. Na zungure shi na nuna masa wuƙar da ke ɗaure a ƙugun kowannensu. Dariyar ta koma tari.

Mai abincin ya kawo mana naman akuya da aka gasa a rami, da gurasar tanderu da zuma da man shanu. Naman ya yi laushi har yana zamewa daga ƙashi, amma Baba ya ɗanɗana ya ce an yi asarar akuya. Ya sa na ɗauko gwangwanin yajin agashe da ya matsa sai an taho da shi, irin wanda 'yan Sudan ke barbaɗa wa tsire. Mai abincin ya ce a ba shi ya gwada. Ya lasa, idanunsa suka kawo ruwa, ya sha ruwa kofi biyu, sannan ya ce a ƙara masa. Da ya ji muna Hausa sai ya zauna kusa da Baba. Ya ce kakarsa ta sha ba shi labarin mutanenmu, yadda suke sauka daga jirgin ruwa a wannan gaɓar su bi ta garin nan da ƙafa har Makka, mata da goyo a baya, suna aikin gona a hanya don su sami guzuri. Baba ya gyara zama, ya ce, "Mu ne." Ba mu bar wurin ba sai da aka yi musayar yaji da zuma.

Da la'asar muka isa. Wurin hawa biyu ne. A sama akwai fili da aka daddaɓe, nan ake kafa tanti. A ƙasa kuma, cikin kwarin, ga farin yashi mai faɗi, ga itatuwan kurna, ga ruwan na gudu a tsakiya. Hanya biyu ce ke sauka: matakalar dutse mai tsayi a kusa, da wata gangara ta siminti can nesa, wadda keke zai iya bi. Ta gangarar muka bi, da muka kai yashi kuwa tayoyin keken suka nutse, sai da ni da Yaya muka ɗaga shi gaba da baya.

Gaskiya ruwan bai kai abin da na yi ta zuzutawa ba. Iyakarsa ƙwauri, faɗinsa kuma yaro zai jefa dutse ya haye. Na ji kunya, na ɗauka Baba zai ce mun yi doguwar tafiya don mu ga kwata. Muka cire masa takalmi, muka sa ƙafafunsa a ciki. Ya daɗe yana kallonsu. Can ya ce, "Rafi ne. Amma yana tafiya." Na juya baya na yi kamar ina neman wani abu a jaka, don hawaye sun zo mini.

Daga nan mutumin ya canza. Ya gaya mana inda kifi ke ɓuya, ya nuna, muka duba, ga su kuwa. Ya hana Yaya taka dutse mai gansakuka. Ya sa aka yanko masa sanda, ya yi mata tsaga da wuƙa, ya ce a kafa ta a ruwa daidai tsagar. Haka suke yi a Nilu, in ji shi. Kullum safe a duba, in ruwa ya hau yatsa ɗaya yau, biyu gobe, sai a fara kwashe kaya. Shekara biyu ana ɗaga shi ana kwantar da shi, yau ga shi a wurin da ya fi kowa sani. Muryarsa ma ta koma irin ta da.

"Nan za a kafa tanti," ya ce, ya nuna gindin wata kurna a kan yashi. "A Nilu wata uku muke kwana a kan yashi da rani. Ya fi katifa."

Na ɗauko tantin, har na fara warwarewa. Ɗaga kan da zan yi in ga ko reshe zai taɓa shi, sai na hango tarkace a cikin rassan, sama da kaina nesa: karare, da yagaggiyar tabarmar roba, da takalmi ƙafa ɗaya. Daidai lokacin mai gadin wurin ya sauko, wani siririn dattijo da usur rataye a wuya. Na gaishe shi na ce, "Ya ammi, wa ya rataya waɗannan a can?"

"Ruwa," ya ce.

Ya yi mini bayani tiryan-tiryan. Ruwan sama ba a nan yake sauka ba, can bayan duwatsun da ba ma gani yake sauka. Kana zaune rana na dukanka, ba hadari ba iska, sai dai ka ji shi. Ba ya hawa da yatsa-yatsa, gaba ɗaya yake zuwa, ya cika kwarin kafin ka naɗe tabarma. Ya ce kwana a ƙasa haramun ne a wurinsa. Da rana a sauko a yi wasa, amma a wannan watan in azahar ta yi a hau sama, don da yamma hadari ke haɗuwa a duwatsu. In iska mai sanyi ta biyo kwarin, ko ruwa ya canza kala, ko aka ji usur, a bar komai a gudu.

Na fassara wa Baba, ko da yake ya ji da kunnensa. Ya ce mutumin makiyayi ne aka ba shi usur, me ya sani game da kogi? Kogi ba ya tashi a sa'a guda, ba a taɓa yi ba. Na dubi Yaya Idrisa, sai ya sami abin dubawa a wayarsa.

Na ce, "Baba, a sama za mu kafa."

Ya juyo ya dube ni kamar bai gane ni ba. "Ke da aka haifa a gaban famfo za ki koya mini ruwa?"

Maganar ta shige ni. Na naɗe tantin, na ce wa Yaya ya kama gaban keken. Muka ɗaga shi yana faɗa, muka haura da shi yana faɗa. Ranar nan na gane abin da ya fi ciwo a ciwon Baba: duk wanda ya riƙe bayan keken shi ke da magana ta ƙarshe. Na san na yi daidai, kuma na ji kamar na yi sata.

Sama cike yake da iyalai. Mutane da gidajensu masu sanyi, sun baro su sun zo sun shimfiɗa darduma a ƙasa suna hura gawayi. Matar tantin da ke kusa da mu, Ummu Fahad, ta aiko mana da gahawa da dabino tun kafin mu gama kafa namu, na mayar mata da kwanon da yajin agashe a ciki, kamar dai yadda muke yi a Nuzla. Ita ta ce in bar gawayin a waje kome sanyi, don hayaƙinsa na kashe mutum a cikin tanti yana barci, kuma in sa takalmanmu a jaka saboda kunama. Abin da ta manta ba ta gaya mini ba shi ne birai. Baba dai bai karɓi abinci daga hannuna ba a daren, sai da Yaya ya ba shi.

Da gari ya waye na fito na tarar da wani ƙaton gwaggon biri zaune a kan akwatin abincinmu, ya buɗe shi kamar shi ya saya. Iyalansa na bayansa, kowa da gurasa a hannu. Yaya Idrisa ya fito da tsintsiya yana "Yalla! Yalla!" Birin ya dube shi, ya bankaɗe leɓe ya nuna masa haƙora, Yaya ya dawo ciki ya ce ai dama gurasar ta kwana. Ba su bar mana komai ba sai shinkafa ɗanya da gwangwanin yaji.

Abu na farko da Baba ya ce shi ne a je a dubo masa sandarsa. Yaya ya je ya dawo ya ce tana nan daidai tsagarta.

"To," in ji Baba, bai dube ni ba, "a je a gaya wa mai usur ruwan nasa bai samu zuwa ba."

Na haɗiye. Don a shirya na ce a sauka da shi tun da hantsi. Ya yi alwala a ruwa mai gudu, da hannunsa, ba buta. Muka zaunar da shi a kan tabarma a inuwar kurnar nan, ƙafafunsa a ruwa, keken a gefe. Ummu Fahad ta ba mu abin karyawa, amma na rana babu, kuma maganin Baba ba a shan sa da yunwa. Da aka yi azahar Yaya ya ce bari ya ɗau mota ya je garin jiya ya sayo gurasa, amma mu fara hawa da Baba tukuna. Sauran mutane duk sun fara tattara kayansu.

Sai Baba ya ce, "Uwata, a ɗan ƙara mini kaɗan."

Tun jiya bai yi mini magana ba, ga shi yau har da lallashi. Na dubi sama, ko ɗigon gajimare babu. Na ce wa Yaya ya je ya dawo, ba zai fi sa'a ɗaya ba. Na san keken ba ya tafiya a yashi sai da mutum biyu, na kuma san abin da mai gadi ya ce, amma na bar shi ya tafi. Wannan kuskuren nawa ne, ba na Baba ba, kuma ba na so wani ya gyara mini shi.

Ba a fi rabin sa'a ba na ji iska mai sanyi ta bugi wuyana, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na dubi ruwan. Ɗazu ina ganin yatsun Baba a ciki, yanzu ba na ganinsu, ya zama kalar shayi da madara, ganyaye da ƙiraruwa na wucewa. Sai usur ya tashi daga sama, ba tsayawa.

"Baba, tashi za mu yi."

"Dubi sandar," ya ce. "Ko yatsa ɗaya bai hau ba."

Gaskiyarsa, bai hau ba. Na ce, "Baba, don girman Allah."

"Tsoro ne irin na wanda bai san ruwa ba. Zauna."

Daga can saman kwarin na fara jin wata ƙara, kamar manyan motoci sun jero a hanyar Madinar Masana'antu. Na jawo keken, ya nutse tun babu kowa a kai. Gangarar siminti ta yi nisa. Matakala ce a kusa, mutanen da ke samanta kuwa suna ta ihu suna ɗaga hannu, kafin wani ya sauko ya iso mu an daɗe. Ni ce kawai a wurin.

Na warware lafayar da na yafa. Ban taɓa haihuwa ba, amma na goyi 'ya'yan rabin Nuzla, hannuna ya san aikin. Na durƙusa na ba shi baya, na jawo hannunsa mai lafiya bisa kafaɗata, na yafa lafayar ta bayansa, na ɗaure a ƙirji, na tattaro ƙasanta ta ƙarƙashin cinyoyinsa na ɗaure a ciki. Sai a lokacin ya gane abin da nake yi.

"Maimuna! Ki ji tsoron Allah. Maza na kallo."

"Su kalla."

Na yunƙura na tashi. Bai yi nauyin da na zata ba, wannan ma ya ba ni tsoro. Yana dukan kafaɗata da hannun nan ɗaya, yana cewa in sauke shi, gara ruwan ya ci shi. Ban saurare shi ba. Yashi na riƙe ƙafata ina fizgewa, takalmina ya fita na bar shi. Na kai matakala na fara hawa, hannu ɗaya a dutse, ɗaya na tallafe shi ta baya. Ina cewa a raina, ni na kawo shi nan, ni zan fitar da shi, ko gwiwoyina za su fashe. Wajen tsakiya na ji ya daina dukana. Mai gadi da mijin Ummu Fahad suka tarye mu, suka kama ni ta hannu biyu suka ja.

Ban ga zuwan ruwan ba, baya na ba shi. Ji na yi dutsen na rawa a ƙarƙashin ƙafata. Da na kai sama na juya, babu yashi, babu tabarma, babu keke. Jan ruwa ne daga wannan bango zuwa wancan, yana juya itatuwa da duwatsu, kurnar da muka zauna a gindinta kanta kawai ake gani. Rana kuwa tana nan tana haskawa.

Mutane suka kewaye mu, ana ta hamdala, wasu matasa har da tafi. Sai na tuna yadda muke. Dattijo mai shekara saba'in da biyar a bayan 'yarsa, jallabiyarsa ta tattare har cinya, ƙafafunsa na reto, kansa ba hula. Na ji bakinsa a kunnena, murya ƙasa-ƙasa.

"Sauke ni."

Ummu Fahad ta kori mutane, ta shimfiɗa darduma, na kwance shi na gyara masa riga. Mai gadi ya zo ya tsuguna ya sumbaci kansa, bai ce masa ai na faɗa ba, Allah ya saka masa. Yaya Idrisa bai iso ba sai magariba. Ruwan ya yanke hanya a wata mahaya, ya tsaya a can tsallake tare da sauran motoci har ya janye, yana ta kiran wayata ba ta shiga. Da ya gan mu ya zauna a ƙasa da ledar gurasar a hannu ya yi kuka kamar yaro.

Washegari muka kamo hanya. Har Jidda Baba bai ce a ƙara sanyi ko a rage ba. A shinge ya miƙo mini aljihunsa ya ce in cire filin da kaina.

Wannan shi ne abin da ban gaya wa masu tambaya ba. Kowa cewa yake, "Masha Allah, Maimuna jaruma." Mun sayi wani keken, gwiwoyina sun warke. Amma mutumin da na dawo da shi ba shi na tafi da shi ba. In na kawo miya sai ya ce ta yi. In na ce a kunna fanka ne, sai ya ce, "Duk yadda kika gani." Abokansa suka zo jaje, ya gaya musu da bakinsa cewa shi ya ce a kwana a yashi, da an bi tasa da gawa uku za a kawo. Ko shayi zai sha sai ya dube ni tukuna. Ban yi nadamar goya shi ba, gobe ma in ta kama zan sake. Amma na yi kewar faɗansa har ina zuba gishiri da gangan, ya ci ya yi shiru.

Ranar Talatar da ta wuce na kai shi asibiti gashin ƙashi. Da muka fito na shigar da shi mota, na ce, "Baba, gida za mu, ko mu biya wajen abokinka Malam Buba ku gaisa?"

"Duk yadda kika gani."

Na kashe motar. Sanyin ya ɗauke, ga rana tsaka, ga zafin Jidda. Na naɗe hannu na ce, "Ni ban ga komai ba. Nan za mu zauna sai ka faɗa."

Gumi ya fara bin wuyana, na sauke gilashi don kada abin ya yi masa yawa, iskar da ta shigo ma ta fi ta ciki zafi. Ya share goshi. Ya dubi taga, ya dube ni, na kafe ido a gaba. Wani mai neman wurin ajiye mota ya tsaya a bayanmu yana ta oda. Na ga hannun Baba mai lafiya ya fara bubbuga gwiwarsa.

"Ke wace irin mutum ce?" ya fashe. "Kashe ni za ki yi a cikin tanderu? Tada motar nan! Gidan Buba za mu, kuma ki bi a hankali, ba irin tuƙin nan naki na 'yan kwana-kwana ba. Taurin kai kamar na uwarki. Mutum ya haifi 'ya ta zame masa kafili!"

Na tada mota. Bai tsaya ba. Ya yi faɗan birki, ya yi faɗan madubi, ya dawo kan miyar jiya da ya ce gishirinta zai iya kashe doki. Gidan Malam Buba tafiyar minti goma ce daga asibitin. Na bi ta doguwar hanya don kada ya yi saurin gamawa.